Gindi nawa za a dasa a kewayen fili? Lissafin tazara da kusurwa

Akwai wata tambayar lissafi da yaran ajin ƙarshe na firamare a nan arewacin Kamaru, wato CM2, suke yawan cin karo da ita idan jarrabawar kammala firamare, wato CEP, da ta shiga sakandare ta gabato. Za a ce wani manomi yana da fili mai kusurwa huɗu, tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 40, yana so ya kewaye shi da darbejiya, mita 5 tsakanin gindi da gindi, sai a tambayi yaro gindi nawa manomin zai nema. Nakan zauna da yaran gidanmu da na maƙwabta a Garwa bayan sallar isha'i muna bitar darussa, kuma amsoshin da nake samu a kan wannan tambaya ba su cika wuce biyar ba: 40, 41, 44, 20 da 480. Ta farkon ce daidai, amma sauran huɗun sun fi ta amfani a wurin mai koyarwa, domin kowace ɗaya tana nuna inda tunanin yaro ya karkace.

Wanda ya ce 20 ya tara tsawo da faɗi sau ɗaya ne kawai, ya samu mita 100, ya manta cewa fili yana da tsawo biyu da faɗi biyu. Wanda ya ce 480 ya ninka 60 da 40 ya samu 2,400, wato ya auna girman ƙasar da ke ciki alhali iyakarta ake magana. Waɗannan biyun ba su da wuyar gyara, domin da zarar an sa yaro ya zagaya tsakar gida da ƙafarsa zai gane cewa kewaye shi ne tsawon tafiyar da mutum zai yi a bakin fili har ya komo inda ya tashi, a nan kuwa 60 da 40 da 60 da 40, jimla mita 200. Masu 41 da 44 su ne suka fi ɗaukar hankalina, saboda sun san kewaye, sun iya rabawa, kuma akwai hujja a bayan amsarsu.

Idan aka raba 200 da 5 aka samu 40, abin da aka ƙidaya ba itace ba ne, tazara ce, wato sarari 40 masu tsawon mita 5 kowanne. Dukkan wannan babi na lissafi ya rataya ne a kan tambaya guda: idan an san yawan tazara, ta yaya za a san yawan itace? A makaranta akan ba yara ƙa'idoji su haddace, cewa wani lokaci a ƙara ɗaya, wani lokaci a ɗebe ɗaya, wani lokaci a bar adadin yadda yake. A ganina haddar ita ce take jefa su cikin ruɗani, domin yaron da ya ce 41 ya tuna cewa akwai inda ake ƙara ɗaya, sai dai bai san dalilin ƙarin ba, don haka yake ƙarawa a ko'ina.

Abin da nakan yi shi ne in jera yara goma su riƙe hannun juna, sannan in sa wani ya ƙirga wuraren da hannu ya haɗu da hannu. Zai samu 9. Daga nan sai in ce na farko ya kama hannun na ƙarshe su yi da'ira, a sake ƙirgawa, sai a samu 10, ba tare da an ƙara yaro ko ɗaya ba. A jerin da yake da farko da ƙarshe, kowane itace yana da tazarar da ke biye da shi in ban da na ƙarshe, wanda babu komai a gabansa, saboda haka itace ya fi tazara da ɗaya. A jerin da ya zagayo ya haɗe, na ƙarshen ma yana da tasa tazarar, ita ce wadda take mayar da shi ga na farko, don haka adadin biyu suka zo daidai. Kewayen fili jeri ne da ya haɗe, shi ya sa tazara 40 take ba da gindi 40. Mai 41 ya dasa itace biyu ne a rami ɗaya, a inda ya fara da inda ya ƙare.

Yaron da ya fahimci wannan ba ya bukatar a lissafa masa sauran yanayin. Hanya mai tsawon mita 60, da tazarar mita 5, tana da tazara 12. Idan an dasa a farkonta da ƙarshenta, gindi 13 ne. Idan a ƙarshe ɗaya akwai rijiya ko turken lantarki da ya hana dashe, 12 ne. Idan hanyar tana tsakanin katangu biyu, ba a dasa a jikin kowace ba, 11 ne. Idan kuma aka ce a gefen hanya biyu, kamar yadda darbejiya take jere dama da hagu a manyan titunan Marwa, sai a gama lissafin gefe ɗaya tukuna a ninka, 13 sau 2 ya ba da 26, ba a ninka tsawon hanya a ƙara ɗaya a samu 25 ba.

Shi kuma mai 44 ya bi hanya mai kyau, bai dai kai ƙarshenta ba. Ya ɗauki kowane gefe shi kaɗai, ya samu 13 a kowane tsawo da 9 a kowane faɗi, ya tara. Wata 'yar yayata da ta kawo wannan amsa ta tsaya a kanta da ƙarfi, tana cewa, "Kawu, ai kai ka ce idan jeri yana da farko da ƙarshe a ƙara ɗaya." Gaskiyarta ne, kuma ban so in karya mata gwiwa, sai na ce ta zana filin ta sa ɗigo a gurbin kowane itace. Da ta zo kusurwa ta biyu sai ta ga cewa itacen da ya rufe jerin tsawo shi ne ya buɗe jerin faɗi, wato ta ƙirga shi sau biyu, haka kuma a kusurwoyi huɗun. Idan aka ɗebe 4 daga 44 an komo 40. Ina ƙarfafa wa yara su riƙa bin hanyoyin nan biyu a tambaya ɗaya, domin idan amsoshin suka saɓa, to akwai abin da ya ɓuya, kuma yawanci a kusurwa yake.

A kan kusurwar ne nake ganin littattafai da dama suna wucewa da sauri fiye da yadda ya kamata. A ɗauki fili mai tsawon mita 35 da faɗin mita 25, a ce za a dasa gwaba a kowace mita 4. Kewayensa mita 120 ne, kuma 120 ya rabu da 4 ba saura, sai yaro ya rubuta 30 ya ajiye alƙalami. To amma a ɗauki igiyar awo a fara daga kusurwa a gani. Za a haƙa rami a mita 4, da 8, da 12, har zuwa 32, saura mita 3 a kai kusurwa ta biyu, wadda take a mita 35. Rami na gaba zai faɗa a mita 36, wato mita 1 bayan an sha kwana. Kusurwar ta tashi babu itace, kuma idan aka miƙa igiya kai tsaye tsakanin waɗannan ramuka biyu, ba tare da bin kwana ba, ba za a samu mita 4 ba, mita 3 da 'yan santimita 16 za a samu. Kusurwa ta uku, da take a mita 60, za ta samu nata, ta huɗu kuwa, a mita 95, za ta rasa. Amsar 30 tana nan daram idan abin da ake nufi shi ne awon tazara a bisa layin iyaka, amma idan tambayar ta ce a sa itace a kowace kusurwa, to da tazarar mita 4 aikin ba zai yiwu ba sam. Manomi kuwa kusurwa ita ce farkon abin da yake so ya kafa wa shaida, domin a nan ne rigimar iyaka take tashi.

Sharaɗin ke nan da ya kamata yaro ya bincika kafin ya raba kewaye: tazarar ta raba tsawo ba saura, ta kuma raba faɗi ba saura. A filin 35 da 25, in ban da mita 1, cikakken adadin da ya cika wannan sharaɗi shi ne 5, wanda zai ba da gindi 24. Daga nan ne ake shiga tambayoyin da 'yan sakandare suke haɗuwa da su a babin PGCD, wato adadi mafi girma da yake raba lambobi biyu. Misali, fili mai mita 84 da 60, a sa itace a kowace kusurwa, tazara ta zama iri ɗaya kuma mafi faɗi da za ta yiwu. Akwai tsohuwar dabara da ake jingina wa Yuklid, masanin lissafin da ya rayu a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ana iya yin ta da igiya a ƙasa ba tare da takarda ba. A ɗora faɗi a kan tsawo, 60 a kan 84, saura 24. A ɗora 24 a kan 60 sau biyu, saura 12. A ɗora 12 a kan 24 sau biyu, babu saura. Tazarar ita ce mita 12, kewaye mita 288, itace gindi 24. Idan mai fili ya ce mita 12 ta yi masa nisa, ba shi da zaɓi a cikakkun mitoci sai a cikin lambobin da suke raba 12, wato 6, 4, 3, 2 ko 1, kuma idan ya ce yana son abin da ke tsakanin mita 5 da 10, to 6 ce kaɗai ta rage masa, da gindi 48.

Tambayar takan zo ta baya kuma, a ba da yawan itace a nemi awon fili. An dasa zogale 36 a kewayen lambu, mita 2 tsakaninsu, tsawon lambun ya ninka faɗinsa, a nemi tsawo da faɗi. Tunda jerin ya haɗe, itace 36 tazara 36 ce, kewaye mita 72. Rabin kewaye, wato tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, mita 36. Faɗi kaso ɗaya ne, tsawo kaso biyu, a raba 36 gida uku a samu 12, don haka faɗi mita 12, tsawo mita 24. Inda yara suke tuntuɓe a nan shi ne su raba 72 gida uku kai tsaye, su samu 24 da 48, lambun da kewayensa ya ninka na gaskiya. Haka yake idan aka ce mangwaro 50 ne a tazarar mita 8, kuma tsawo ya fi faɗi da mita 40: kewaye 400, rabinsa 200, a ajiye rarar 40 a gefe, a raba 160 biyu a samu faɗin mita 80, a mayar da rarar a samu tsawon mita 120.

Fili na gaskiya yana da ƙofa, kuma ƙofa tana sauya lissafi, domin tana yanke jerin da ya haɗe ta mayar da shi mai farko da ƙarshe. A filinmu na 60 da 40, idan aka bar mashiga mai faɗin mita 10 don amalanken shanu, da itace a kowane gefenta, tsawon da za a dasa ya koma mita 190, tazara 38, itace 39. Mai shakka ya duba ta wata fuskar: ƙofar mita 10 tazara biyu ce aka haɗe, wato an cire itace ɗaya da ke tsakiyarsu daga cikin 40. Idan kuma ƙofar mita 5 ce daidai, ba a cire komai ba, tazara ɗaya ce aka bari ba shinge, kuma lissafin ya tabbatar da haka, 195 a raba da 5 a samu 39, a ƙara ɗaya a komo 40. Idan gefe ɗaya na tsawo katangar gida ce, abin da ya rage mita 140 ne, tazara 28, itace 29 idan za a dasa har jikin katanga, 27 idan za a bar wuraren biyu saboda saiwa.

Maganar saiwa tana kawo wani nau'in tambayar da na fi so, domin ya fi kusa da abin da mutane suke yi. Mai hankali ba ya dasa darbejiya ko mangwaro a kan layin iyaka sak, saboda inuwa da saiwa za su shiga gonar maƙwabci, yakan ja baya kaɗan. A ce fili mita 64 ne da 44, aka ja mita 2 ciki ta kowane gefe. Yara da yawa sukan ɗebe 2 daga tsawo da 2 daga faɗi, alhali tsawo yana raguwa ta kai biyu, faɗi ma haka, saboda haka 4 ake ɗebewa daga kowanne. Layin dashe ya zama 60 da 40, kewaye ya sauko daga mita 216 zuwa 200.

Sai batun ma'auni, wanda ba ya bukatar dogon bayani. Shingen aguwa ko lalle ba a ba shi tazarar mita 5, kusa da kusa ake jera shi. Idan tambaya ta ce santimita 50, yaron da ya raba 200 da 50 ya samu 4 ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa ko aguwa huɗu za ta hana akuya shiga gona. Mita 200 santimita 20,000 ce, amsar kuma 400.

Ya kamata a bambanta wa yara dashen kewaye da dashen da ya cika fili, domin a nan ma akwai amsoshi biyu da kowace take da gurbinta. Idan aka cika filin 60 da 40 da layuka, mita 5 ta kowace fuska, aka fara daga kan iyaka, za a samu layi 9 masu gindi 13, jimla 117, daga ciki 40 suna kan kewaye, 77 suna ciki. Idan kuwa aka ba kowane itace murabba'insa na mita 5 da 5 aka dasa shi a tsakiya, 2,400 a raba da 25 ya ba da 96, wato layi 8 masu gindi 12. Wannan ne dalilin da ya sa idan ana maganar mangwaro a tazarar mita 10 akan ce gindi 100 a hekta, alhali mai ƙirga daga iyaka zuwa iyaka a filin mita 100 da 100 zai samu 121. Bambancin 21 ba kuskuren kowa ba ne, tsarin dashen ne ya bambanta, amma wanda zai biya kuɗin dashe a gandun reno dole ya san wanne yake nufi.

Haka nan girman ƙasa ba ya faɗa wa mutum tsawon kewayenta. Manoman audugar da suke hulɗa da SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, sun saba lissafin gona da kwatar hekta, murabba'in mita 2,500. Idan kwatar mita 50 ce da 50, kewayenta mita 200 ne, gindi 40 a tazarar mita 5. Idan kuma doguwa ce, mita 100 da 25, ƙasar ba ta ƙaru ko taki ɗaya ba, amma kewaye ya kai mita 250, gindi 50. Duk lokacin da gona ta ƙara tsawo ta rage faɗi, shingenta yana ƙara tsada, kuma wannan abu ne da ya dace masu rabon gado su riƙa tunawa idan suna tsaga gona siriri-siriri.

Ba don jarrabawa kaɗai nake matsa wa yara a kan wannan babi ba. Yankinmu yanki ne na dashe: shirin Sahel Vert da aka fara bayan farin shekarun 1970 an farfaɗo da shi a 2008 a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, Injamena ma an yi ta ƙoƙarin kewaye ta da itatuwa, ga kuma shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, mai tsawon wajen kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Shirin ba jeri ɗaya ba ne, amma na taɓa sa yara su ɗauka jeri ɗaya ne da tazarar mita 5, suka samu tazara 1,600,000 da itace 1,600,001, aka yi dariyar wannan ɗayan da ya maƙale a ƙarshe. A aiki mai girma haka babu wanda zai damu da shi. A jerin lambun bayan gida mai tazara 4 da itace 5 kuwa, ɗayan nan shi ne kashi ɗaya cikin biyar na abin da za a saya.

Saura abin da za a yi idan awo ya ƙi rabuwa, wanda shi ne ya fi faruwa a gona. A ce an shawarci mai filin 60 da 40 ya bar mita 6 tsakanin itatuwa. Raba 200 da 6 yana ba da 33 da saura, kuma babu amfanin a tsaya gardamar ko 33 ne ko 34 kafin a duba kowane gefe. Tsawo ya rabu lafiya, tazara 10. Faɗi bai rabu ba, don haka sai a zaɓa: tazara 7 masu wajen mita 5 da santimita 71, ko tazara 6 masu wajen mita 6 da santimita 67. Na farko zai ba da 10 da 10 da 7 da 7, gindi 34, na biyu gindi 32, kuma a dukkansu kusurwoyi huɗu sun samu itace. Adadin 33 da rabawa ta nuna ba ya cikin zaɓin ma, domin muddin akwai itace a kowace kusurwa kuma gefen da suke fuskantar juna sun yi daidai, jimlar ba za ta taɓa zama mara ba, kullum cika ce. Ga itace mai faɗin kai irin mangwaro ni na fi son a ɗauki tazara mai faɗi, ga shingen da ake so ya tare iska kuwa a ɗauki ƙarama. A wajen aiki sai a fara kafa turaku a kusurwoyi, a miƙa igiya daga turke zuwa turke, a ƙulla mata ƙulli a kan tazarar da aka zaɓa wa wannan gefen, a sa alamar toka a ƙarƙashin kowane ƙulli, sannan a ƙirga alamomin a gwada da abin da ke takarda kafin a ɗauki diga.